Baba Lebur a Karkataccen Ɗaki

Idan ka nemi shi da sunansa na gaskiya a unguwar, sai mutane su yi ta kallon juna. Amma ka ce Baba Lebur, ko akuya ta san ƙofar gidan. Lebur dai shi ne ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, wanda ake ɗorawa a kan gini a gane ko ya miƙe. Shekara arba'in da biyu yana aikin birkila, amma nasa lebur ɗin a jaka yake kwana, a jaka yake wuni. Tsayawa kawai yake yi daga nesa, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Layi na bakwai, bulo na uku daga dama, a sauke shi." A ɗauko ma'auni a gwada, wallahi sai a tarar haka ne.

Mutum ne mai kirki, sai dai ba ya iya ganin karkatacce ya yi shiru. An taɓa zuwa gaisuwar rasuwa da shi, ana cikin jimami ya sunkuya ya raɗa wa ɗan mamacin cewa bangon zauren nan ya yi ciki, a duba shi kafin damina. Inna, matarsa, ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Da damina ta zo kuma bangon ya zube, shi ma bai ce komai ba, sai dai ya wuni yana gyaran murya a tsakar gida.

To wannan idon da ya yi masa suna, shi ne ya fara cin amanarsa. Tun bara yana ganin duniya kamar ta bayan labule. Fuskar mutum sai ta zo dab da shi yake gane ta, bulo kuwa sai ya shafa. Bai faɗa wa kowa ba. A wurin aiki ya koma yawan zagaya gini yana bin bango da tafin hannu, ma'aikata suka ce tsoho ya ƙara tsanani. A gida ya ce jaridun yanzu duk ƙarya ce, ya daina karantawa.

Yana da dalilinsa na yin shiru. 'Yarsa ɗaya tilo, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyar da kimiyya a sakandare, ta samu fili bayan shekara da shekaru tana zaman haya. Ranar da ta karɓi takardun ta ce masa, "Baba, ka gina wa duniya, saura ni." An tsayar da sati mai zuwa za a ja igiya a haƙa harsashi. Ya gina gidajen da ba zai iya ƙirgawa ba, amma babu wanda ya ƙwallafa wa rai kamar wannan. Ya kuma san halin 'yarsa. Idan ta ji labarin idon, ko tsani ba za ta bari ya taka ba, ta ɗauki aikin ta ba wani yaro mai gini da waya a kunne. Shi ya sa ya ce a ransa, bari dai gini ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, sannan a yi maganar ido.

Ana cikin haka Malama ta zo da zancen tafiya. An ba su hutu, tana so ta kai 'yarta gidan tarihin kimiyya da ke babban birni, kuma ba za ta tafi ba sai da su Baba da Inna.

"Ni me zan je in yi a can?" in ji shi. "Ku je ku ba ni labari."

"Haba Baba, gani ya kori ji."

Maganar ta soke shi, amma ya haɗiye. Jikarsa kuwa ta riga ta rataye a wuyansa. Shekararta bakwai, ana kiranta Me-ya-sa, don ba a taɓa gama jimla a gabanta ba ta jefo wannan tambayar ba. Ta ce idan Kaka ba ya zuwa, ita ma ta fasa. Haka ya saka babbar rigarsa ta fita kunya, ya shiga gaban mota yana mita.

Sun isa da hantsi. Gini ne na gani na faɗa, hawa huɗu, gabansa duk gilashi. Baba Lebur ya shafa ginshiƙin bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "Ba laifi." A bakinsa wannan yabo ne mai girma. Daga nan ya shirya dabara: ya riƙe hannun Me-ya-sa wai kar ta ɓace, alhali ita ce jagorarsa. Duk inda ya ji su Inna sun ce "Kai!" sai ya ce "Ikon Allah!" Da wannan kalma biyu ya wuce ƙasusuwan wata dabba mai tsayin bene, ya wuce tsohon jirgin sama da aka rataye a rufi, ya wuce injin da ke sa gashin yara ya miƙe tsaye.

A hawa na biyu ya kusa tona kansa. Ya hangi wani dogon mutum cikin fararen kaya tsaye a gefen hanya, ya ɗauka mai gadi ne. Shi kuwa ba ya wuce ma'aikaci bai gaishe shi ba.

"Sannu da aiki, yallaɓai. Ya tsayuwa? Ya iyali?"

Ashe kayan 'yan sama jannati ne aka tsayar, babu kowa a ciki. Me-ya-sa ta faɗi ƙasa don dariya, Malama ta riƙe ciki. "Baba, ba ka da dama!"

"To ba ku ga ya fi wasu mutanen ladabi ba?" in ji shi, yana dariyar da ba ta wuce haƙori ba. "Ai bai katse ni ba." Ya lura dai bai ji muryar Inna a cikin masu dariyar ba.

Bayan sun ci abinci suka hau hawa na uku. A nan akwai wani ɗan ɗaki da mutane suka yi wa layi, ihu da shewa na tashi daga ciki. Wata ma'aikaciya ce a ƙofar, budurwa mai fara'a, tana shigar da mutum biyar-biyar. Su Malama na shiga suka fara tangaɗi kamar waɗanda suka sauko daga lilo. Inna ta kama taga tana salati. Me-ya-sa ta yi ƙara, "Mama, kalli ƙwallo yana hawa sama da kansa! Ruwa ma sama yake gudu! Me ya sa?"

Baba Lebur bai ga ƙwallo ba, bai ga ruwa ba. Abin da ya ji a tafin ƙafarsa ne ya ɗaga masa hankali. Ya cire takalmi, ya taka daga wannan kusurwa zuwa waccan, tsaf, ko rangaji bai yi ba. Ya dawo. Ya shafa bango, ya shafa bakin taga. Sai jininsa ya hau.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan aikin?" Muryarsa ta cika ɗakin. "Daɓen nan ya zube gefe guda! Daga can zuwa nan ya sauka bulo biyu da rabi. Ya ga ya ɓata daɓe, maimakon ya fasa ya sake, sai ya karkata bango da taga da tebur su bi shi, don ya rufe asirinsa. A babban waje irin wannan! Ke 'yata mai tsaron ƙofa, kira mini shugabanku. Ku ba ni kwana huɗu da mutum biyu in daidaita muku shi, kafin wata tsohuwa ta karye."

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ma'aikaciyar kuwa tafi ta yi don murna.

"Baba, ka burge ni! Wallahi lissafinka daidai ne. Amma da gangan aka yi shi haka. An karkata komai tare ne don a yaudari ido. Ido ya ce wa mutum ƙasa a miƙe take, ƙafa ta ce a'a, sai kai ya rikice. Duk mai gani sai ɗakin nan ya juya shi. Shekarata uku a nan, waɗanda na ga sun taka shi tsaf irin naka, ɗaliban makarantar makafi ne kawai."

Ma'aikaciyar nan da zuciya ɗaya ta faɗa, tana ma murmushi. Sai ta ga babu wanda ya taya ta. Malama ta juyo a hankali tana kallon mahaifinta. Ita fa malama ce, ta saba kama ɗalibin da ke gyaɗa kai bai fahimci komai ba.

"Baba, ƙwallon da ke kan tebur ɗin nan, wane launi ne?"

Ya juya inda yake zaton teburin yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma tsoho sai da ya gwada.

"Ja ne mana."

"Kaka, ai ƙwallon yana hannuna," in ji Me-ya-sa. "Kuma kore ne."

Ya sunkuya neman takalminsa, ya laluba nan, ya laluba can. Inna ta saki tagar, ta rarrafo da tangaɗinta, ta tura masa su gaban ƙafa.

A kan wani dogon benci da ke waje suka zauna. Kunya ta lulluɓe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaron gini. Malama na kuka ƙasa-ƙasa, tana faɗa tana share hanci.

"Tun yaushe? Kana hawa saman gini a haka? Baba, so kake ka mai da ni marainiya a kan bulo?"

"Tun bara," in ji Inna. "Tun ranar da ya zuba gishiri a shayi ya shanye, wai don kar in gane."

Ya ɗago da sauri. "Kin sani? Kika yi shiru?"

"Kai da ka yi shiru fa, Malam? Kullum ka fita sai na bi bayanka na roƙi ma'aikatanka kar su bar ka kai kaɗai a sama. Su ma duk sun sani. Kana tsammanin ƙaunarka ce ta sa kullum mutum biyu ke riƙe maka tsani?"

Ashe shi kaɗai ne yake ɓoye abin da kowa ya sani. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa, sannan ya faɗi maganar da ta fi masa ciwo a duniya.

"Ki ba wani aikin. Zan faɗa miki wanda ya iya. Bangon da jikata za ta kwana a ƙarƙashinsa, ba zan yi shi da lalube ba."

"Ba wanda zan ba."

"Ke, ki ji magana."

"Taurin kan nan a wurinka na gada, Baba. Yanar ido ce ta rufe maka gani, ina kyautata zato, kuma likitoci na cire ta kullum. Jibi za mu je a duba. Idan wata uku ne mu jira, idan shekara ce mu jira. Fili ba ƙafa gare shi ba."

"Idan kuma aka duba aka ce ba ya gyaruwa?"

"To ka cire takalmi ka taka mini shi yadda ka taka ɗakin can. Ka zauna a kujera ka yi ta faɗa, su yi ta jera bulo. Amma gidan da ba kai ka ja masa igiya ba, ba na shigarsa."

Ya so ya yi gardama, sai ya haƙura. Tsoron wuƙar likita na nan, bai je ko'ina ba, amma wani nauyi da ya shekara ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinsa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya juya kai gefe yana goge fuska da hannun riga.

Aka yi sanarwa za a buɗe ɗakin taurari, wanda Me-ya-sa ta zo dominsa. Malama ta ce a haƙura a tafi gida. Baba ya ce sam, yarinya ba ta yi laifin komai ba.

Ɗaki ne zagayayye mai rufi kamar kifaffen kwano, kujerunsa a kishingiɗe. Aka kashe fitilu. Nan take jama'a suka ɗauki "Kai! Kai!" Inna ma ya ji ta ja numfashi a gefensa. Ya ware ido iya ƙarfinsa, bai ga komai ba sai duhu da wani ɗan fari-fari. Bakinsa har ya buɗe zai yi abin da ya saba yi tun safe, sai ya fasa. Ya laluba ya taɓa hannun matarsa.

"Innarsu, ba na gani. Faɗa mini."

Ta juyo ta dube shi a cikin duhun. Shekara arba'in suna tare, bai taɓa neman ta gane masa wani abu ba. Ta matso kusa da kunnensa.

"Suna da yawa, Malam. Kamar an watsa shinkafa a baƙin tire. Ga wasu uku can sun jeru a layi."

"Layin ya miƙe?"

Ta ƙura musu ido sosai, don ta san wanda take ba amsa.

"Na ƙarshen ya ɗan kauce."

"To bar shi," in ji Baba Lebur, ya gyara kwanciya bai saki hannunta ba. "Mai aikin ya fi ni sani. Ci gaba, sai me kuma?"