Tsumman Tagar Kaka Tumba

Har yau in na ji warin kandilon shanu yana ci da wuta, sai in toshe hanci. Warin ɗakin kakata ne, Kaka Tumba, a ƙauyenmu kusa da Kagara. Ɗaki ne baƙi ƙirin, kunkunniya ta lafe a rufi kamar an shafa kwalta. A saman murhu kuwa zangarniyar gero da kwandon wake suna rataye, irin da gidanmu zai shuka da damina. Hayaƙi ne ke tsaron su daga ƙwari. Don kada ya fice, sai ta cusa wani tsohon tsumma a 'yar tagar.

Da an yi sallar isha'i muke shiga, mu jikoki biyar, ido na hawaye tun ba a fara ba. Ni can bakin ƙofa nake zama, nesa da gwangwanin ƙasa da take tofa kaki a ciki. Kakin nan baƙi ne, mai yauƙi. Ina son Kaka, amma Allah ya sani ƙyamar gwangwanin nan nake yi.

Da kacici-kacici take buɗe hira. "Baba na ɗaka, gemu na waje." Wannan kowa ya sani. Sai ta ƙaro nata: "Ba ƙahwa ya hau ruhi, ba hannu ya sa sarki kuka." Mu yi ta lalube, ta ce a ba ta gari. Mu ba ta Rara, ta ce ta ƙoshi da albasa. Mu ba ta Wurno, sannan ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Hayaƙi na! Ga shi cikin idonku, kun kasa ganin shi."

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta Hayaƙi ɗan Wuta, wanda ya zo gidan wata mata neman masauki. Ya ce zai kore mata sauro, ya bande mata kifi, ya tsare mata iri. Sharaɗinsa ɗaya, a bar masa hanyar fita. Matar ta ga amfani, sai kwaɗayi ya kama ta, ta toshe ko'ina don kada baƙon ya gudu gidan maƙwabta. Hayaƙi ya kewaya bai ga kafa ba sai hancinta. Ya shiga, ya shimfiɗa tabarma a ƙirjinta, bai sake fita ba.

Wani dare na kasa haƙuri. Na tashi na fizge tsumman. "Kaka, ai ke ce matar!"

"Mi kinka ce, Rabi?" Ta miƙo hannu. "Mai da shi inda kinka gane shi. In ƙwari sunka cinye irin ga, mi ubanki za shi shuka? Tari dai na, ya saba da ni."

Na mayar, ina toshe hanci.

Bayan na yi aure numfashinta ya gagara, Baba ya kai ta asibiti a Sakkwato, na bi su. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta, ya tambayi Baba shekara nawa tsohuwar ta yi tana shan taba. Matar da ko goro ba ta ci! Baba ya sunkuyar da kai. Ni kuwa hannuna ya tuna taushin tsumman nan mai maiƙo, ranar da na mayar da shi.

Na daɗe ina ce wa kaina ba ta gane tatsuniyarta ba. Yanzu na san ta gane ta fiye da kowa. Mu ne muka ji ta shekara da shekaru muna tafi, muna cin tuwon, ba wanda ya nemo wa irin nan wani wurin ajiya. Ƙyamar da nake yi wa gwangwaninta ta koma kanmu.

Ta rasu kafin ruwan shuka. Da aka sauke kwandon, ko ƙwaya ɗaya ba ta huje ba, wake ya yi kyau a shekarar har maƙwabta suna yabo. Aka aiko mini da nawa kaso. Na dafa, na zuba wa yara, ni na kasa kai loma.