Baba Kalli da makullin gida na sha huɗu

Da an idar da asuba Baba Kalli yake hawa kekensa daga cikin garin Diffa ya nufi barikin soja, tarin makullai suna kaɗawa a ƙugunsa. Shi ba soja ba ne, ko sarawa bai iya da kyau ba. Shekara ashirin da shida ke nan yana riƙe da makullan gidajen bariki, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni malamin lakkol ne, makarantar yaran bariki, ta taga nake ganin wucewarsa.

Aikinsa a takarda shi ne ya buɗe gida ya miƙa makulli. Amma kafin motar iyalin soja ta iso daga Dosso ko Tahoua, ya riga ya share gidan, ya cika randa, ya duba famfo da kuran, wato wutar lantarki. Washegari ya raka uwargida kasuwa, ya nuna mata mai tattasai da mai bandar kifi da ba sa cutar baƙo, ya koya mata gaisuwar Barebari. Yara kuwa da kansa yake kawo mini su. Hafsoshin Cadi da ake turowa yakan tarbe su da Larabcinsa na kasuwa, mai ba su dariya, amma yana biyan buƙata.

A shekarar da aka yi fama a Bosso, Sarjan Zaidu yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Matarsa Hanifa, 'yar Damagaram, ta shiga takaba a gida na sha huɗu, inda mijin ya bar ta. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, tsarin barikin na lokacin kuwa wata biyu ya ba iyalin mamaci su tashi. Wata biyun na cika, wani kaftin na Cadi ya iso da takardar da ta ba shi gidan.

Ajidan Usmanu, mai kula da gidajen a lokacin, shi ya ba ni labarin. Ya ce ya kira Baba Kalli buro, wato ofishinsa, ya ce, "Ka je ka shaida mata ta kwashe kaya kafin Juma'a."

Baba Kalli ya zare makullin ajiya na gidan ya ɗora a tebur. "Ajidan, ga shi nan. Ni ƙafata ba ta zuwa. Yarinyar nan saura mata kwana saba'in. Wanda zai iya fitar da ita ya ɗauka."

Makullin ya yi kwana uku a teburin, ba wanda ya taɓa shi. Baba Kalli ya kwashe tarkacen ɗakinsa na makullai, ya shafe shi da farar ƙasa, ya sa gado, sannan ya yi wa kaftin bayani da Larabcin nan nasa. Kaftin ya duba ɗakin, wanda da ƙyar mutum zai miƙe ƙafa a cikinsa, ya ce a garinsu ma haka ake yi, ya ajiye jakarsa.

Magana ba ta ƙare a nan ba. An rubuta wa Baba Kalli takardar gargaɗi saboda ƙin bin umarni, ƙarin matsayin da yake jira kuma ya wuce shi. A matsayin da yake a wancan lokaci zai ajiye aiki. Abin yana ba ni takaici har yau, shi kuwa ban taɓa jin ya ambata ba.

Ranar da Hanifa ta fita takaba, ta share gidan tas, ta kawo makullinta da hannunta. "Baba, na ƙare," in ji ta. "A ba mai shi." Da rana motar Damagaram ta tafi da ita.

Baba Kalli, kai ne mai tarbar baƙo tun bai san sunanka ba. Kai ne ka bar matar Zaidu ta cika kwanakinta a ɗakin mijinta, ka ɗauki gargaɗin a kanka. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Wanda zai gaji makullan nan, da mu duka masu aiki da takarda, mu yi koyi da shi. Kafin mu ce wa'adi ya cika, mu fara tambaya wane ne a cikin gidan.