Ranar da Baba ya karɓo mana lambobin intanet

Yayana ne ya kawo kwamfutar gidanmu da ya zo hutu daga Masar, inda yake karatu. Zai koma ya nuna mini wani ɗan akwati da ake kira modem, ya ce in sa masa igiyar tarho, shi ke nan, sai mu riƙa aika masa imel. Yadda ya faɗa, sai ka ce kunna rediyo ne.

Na je Katsina na yi rajista a wani kamfanin intanet, suka ba ni lambar da zan riƙa kira da kalmar sirri. Na dawo Daura na jawo igiya daga falon Baba har ɗakina. Da na latsa, akwatin ya fara kuka, ƙiii, shuuu, kamar ana yanka zakara a cikin kwano. Can ya yi shiru, allo ya ce an haɗu. Amma duk shafin da na kira, sai a ce ba a same shi ba.

Washegari bayan Azahar na kira kamfanin. Mutumin da ya ɗauka ya ce lambobin di-en-es ne ban sa ba. Tarho yana falo, kwamfuta tana ɗakina, igiyar kan tarhon kuwa gajera ce. Baba yana zaune yana cin goro, ya miƙo hannu.

"Kawo nan. Je ka zauna gaban abin naka, ni zan faɗa maka."

Baba falken shanu ne, bai san gaggawa a waya ba. Sai da ya gaida mutumin, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan Katsina, sannan ya ce, "To, wai mene ne shi wannan di-en-es ɗin?"

Ya saurara jim kaɗan, sai na ji ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ashe dillali ne!" ya ɗaga murya don in ji. "Ka ba shi suna, ya nuna maka gidan. Kai kuma ka shiga kasuwa ba dillali, ina za ka samu saniya?"

Aka fara. Mutumin yana faɗa da Turanci, Baba yana juyawa da Hausa, yana ƙwala mini daga falo. "Ɗari da casa'in! Ya ce ka sa ɗigo!" Ina bugawa ina amsawa, "Na sa, Baba!" Da aka zo layi na biyu, Baba ya tambayi amfaninsa. Aka ce idan na farko bai amsa ba, shi ake tambaya. Ya ce lallai mutanen nan sun san kasuwa.

Ya ajiye tarho, na sake latsawa, zakara ya sake kuka. Wannan karon shafi ya buɗe, ga saƙon Yaya yana jira har da hoto. Daga ranar muka tare a ɗakina, ba mu lura cewa muddin kwamfuta tana kan layi, duk wanda ya kira gidanmu zai ji a toshe ba.

Ranar wata Laraba da hantsi sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Baure, ta sauko daga kan babur tana huci.

"Yaya, lafiya kuwa? Tun shekaranjiya nake zuwa gidan hakimi ana buga muku waya, kullum wai ana magana! 'Yarka ta wajena ta haihu, namiji. Wa kuke ta hira da shi haka?"

Baba ya yi barka, ya ce ta zo ta ga wanda muke hira da shi. Na kira hoton Yayana na Masar. Ya fara saukowa a hankali daga sama: hula, goshi, girare. Gwaggo ta ja kujera ta zauna, mayafi a hannu. Da aka iso kumatu ta riƙe baki.

"Wannan yaro ya rame. Rubuta masa, ka ce in ji ni ya riƙa cin abinci. Ka kuma gaya masa an yi masa ɗa, suna ranar Litinin."