Kazar Inna da Tukunyar Gara

Shekarun baya, ina sabuwar amarya a ƙauyenmu na wajen Toranke, surukata ta tafi Kano zaman jegon ƙanwar maigidana. Da za ta fita ta ja ni gefe. Na ɗauka mukullin ɗaki za ta ba ni, sai ta nuna mini wata kaza wake-wake tana tono a gindin rumbu.

"'Yar nan, ga amana. Yadda na bar ta, haka nake so in same ta."

Na ce, "In sha Allahu, Inna." Kowa a gidan ya san matsayin kazar nan. Ko babban baƙo aka yi, ba a kallon ta da wuƙa.

Tafiyarta ke da wuya ruwa ya sauka. Kun dai san dokar damina: da an yi shuka, awaki a turke, kaji a killace. Ga shi gonar maƙwabcinmu, wani dattijo mai saurin fushi, jingine take da bayan gidanmu. Sai maigidana ya kewaye wani lungu da dangar kara, muka zuba kajin a ciki.

Kajin da suka saba yawo tun safe, da suka rasa abin yi sai suka koma figar juna. Kazar Inna kuwa, da yake ba ta san wahala ba, ita suka mayar abin rage lokaci. Kafin in farga wuyanta da bayanta sun yi fes, kamar an tsoma ta a ruwan zafi. Na tsaya a kanta har da ƙwalla. Ga amana, ga kuma abin da malamarmu ta Islamiyya take yawan faɗa, cewa duk dabbar da ka tsare hakkinta yana wuyanka.

Na ce wa maigidana, "Malam, kajin nan fa zaman banza ne ya ishe su."

Ya ce, "To ko a sa su a makaranta ne?"

Ban kula shi ba. Na rataya musu damin zogale da rama su riƙa tsalle suna tsinka. Kafin azahar suka cinye, suka koma kan kazar Inna. Na ɗaure tsohuwar muciya da igiya na yi musu lilo. Zakara ya hau sau ɗaya, ya faɗo, ya tashi ya je ya huce a kanta. Ranar maigidana ya dawo daga gona ya tarar da ni a tsugune ina kaɗa lilo ba kowa a kai, ina roƙon kaji su hau. Ya ajiye fartanya ya ce, "Allah ya ba ki lafiya."

Can sai na tuna dabarar mahaifiyata. Idan tana kiwon 'yan zabi, takan cika fasasshiyar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, ta yayyafa ruwa, ta kife a bayan gari. Washegari a tarar gara ta cika ta, a kawo a juye musu. Ni da ba na fita, na ce me zai kai ni nesa? Na kife tawa a cikin lungun, daidai gindin danga. Da na ga ta kama, na ƙara wasu.

Aiki kuwa ya yi. Da na ɗaga tukunya sai ka ga kaji kamar an yi rabon Sallah, su wuni suna tono a gindin kara, ba mai waiwayar kowa. Gashin kazar Inna ya fara tsirowa tsilli-tsilli kamar gemun saurayi. Har gori na yi wa maigidana. Abin da ban lissafa ba, gara ba ta san bambancin karan tukunya da karan danga ba.

Ranar da Inna za ta dawo aka yi ruwa da iska da hantsi. Ina madafi ina ta girkin tarba, ashe danga ta kwanta, kaji sun fice. Dattijon nan kuma bai daɗe da shuka wake a tsakanin geronsa ba.

Inna ta iso, ko mayafi ba ta cire ba muka ji sallama mai kauri. Sai ga dattijon ya shigo riƙe da kaza ta fukafukai, rabi gashi rabi tsirara, baki duk ƙasa.

"Kazar wa ce wannan? Ita ce ja-gaba, da idona na gani."

Inna ta dubi kaza, ta dube ni, ta sake duban kaza.

"Malam, ni kazata mai gashi ce, mai tarbiyya kuma. Wannan ta 'yar nan ce. Amarya ce, a yi mata haƙuri."

Da Inna ce, da ya samu abokiyar faɗa har la'asar. Amma dattijo ya tsaya yi da amarya, abin kunya ne. Ya dire kaza, ya ce a turo masa maigidana ya sake shuka, ya fita yana ƙunƙuni.

Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, Inna ta ɗauki kazar tana jinjina ta.

"Ta yi nauyi. Me kike ba ta?"

"Gara, Inna."

"Na gani. Na ga dangar." Ta miƙo mini ita. "Na riga na faɗa a gaban mutane taki ce, ni kuma ba na magana biyu. Amma in ta ƙyanƙyashe, rabawa za mu yi."

Har yau ban tantance ba ko asirina ta rufa, ko faɗan dattijo ta guje wa. Na fi so in ɗauka na farkon ne, Allah ya saka mata da alheri. Abin da na koya dai, tausayi ma yana son a tsaya a yi tunani, in ba haka ba wani ne zai koma gona da iri. Duk damina ina nan ina rataya wa kajina ganye, tukunyar gara kuma sai can bayan gari.

Rabo kuwa mun yi shi. Inna ta zaɓi matan, ta bar mini zakaru.