Kalla Mai Rage Gudu

Kalla manomi ne a wani ƙauye kusa da Keita, gonarsa a gangaren dutse, inda ruwan sama ke wucewa ko sallama babu. 'Ya'yansa maza ma haka suka yi masa. Biyu sun tafi Abijan cin rani, hoto kawai ya dawo. Saura auta, Muntari, mai dariya da waƙa a gona, kuma Kalla ya rantse wannan ba zai kuɓuce masa ba.

Bayan farin shekarar tamanin da huɗu mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka koya wa manoma jera duwatsu a gicciye cikin gona. Wani ma'aikacinsu ya ce ruwa ba a tare shi, rage masa gudu ake yi, sai ya nutse cikin ƙasa. Da kaka gonar Kalla ta yi hatsi har maƙwabta suka zo kallo. Shi ke nan, daga ranar duniya duka ta zama ruwa a idonsa.

Matarsa Biba akwai zafin rai. Kalla ya jera duwatsu layi uku tsakanin madafa da ɗakinsa. In ta taso masa da faɗa, kafin ta tsallake na uku ta koma zagin duwatsun ta manta da shi. Ya jera wasu a ƙofar masallaci saboda masu zabura da zarar an yi sallama. Liman ya yi tuntuɓe sau biyu, amma ya sa albarka, don an daina barinsa yana addu'a shi kaɗai. A kasuwar Buza kuwa sai Kalla ya zagaye rago sau uku kafin ya taya. Sau da yawa kafin ya gama an sayar, amma gaskiya ba a taɓa cutarsa ba.

Ranar da Muntari ya durƙusa ya nemi izinin tafiya, Kalla ya yi murmushi.

"Ni ban hana ka ba, auta. Bari dai a ƙare sussuka."

Aka gama sussuka, ya ce bari jaka ta haihu. Jakar ko ciki ba ta da shi. Ta yi ciki, ta shekara, ta haihu, ya ce bari ɗan jakin ya yi ƙwari. Sannan takalmin Muntari ƙafa ɗaya ya ɓace wata biyu, aka tsince shi cikin rumbu. Shekara uku cur Kalla na taƙama da dabararsa a majalisa.

Wata safiya Biba ta tsallake layukan nan uku ba tare da ta zagi ko ɗaya ba.

"Malam, taho ka dibi ɗanka. Nutsewa ka so, to ga shi ya nutse."

Muntari na zaune gindin gawo, yana kallon yatsun ƙafarsa. Kalla ya yi ta tuna rabon da ya ji waƙarsa, ya kasa. Ya kira shi, ya ce to. Ya tsokane shi, ya ce to. Tsoro ya kama Kalla, irin wanda ko a shekarar fari bai ji ba.

Bai zagaye komai sau uku ba. Ya tafi Madawa, ya roƙi direban kamyo, babbar mota mai kai albasa Abijan, ya ajiye masa wuri. Ya dawo ya ɗaure kayan ɗansa da hannunsa, ya ajiye a gabansa.

"Tashi ka tahi, auta. Mota na jiranka, na yarda da zuciya guda."

Muntari ya ɗago a hankali, ya dubi ƙunshin, ya dubi ubansa, babu fushi, babu murna.

"Baba, mi na na gaugawa? Bari dai damana ta wuce."

Kalla ya zauna a ƙasa kusa da ɗansa, ya rufe fuska da hula, ya yi kuka.