Cokali Mai Kifi a Hannun Suruki

Waɗanda suka riski Guangzhou a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da 'yan kasuwar Kano suka fara karkato akalarsu daga Bankok, za su tuna Munkaila tafinta. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, ba ya ɗaga murya. Karatu ya kawo shi tun farko. Da ya gama bai koma gida ba, ya kama ɗan ofis a saman benen Tianxiu, yana raka baƙi kasuwar Shahe da masana'antu, yana juya musu Sinanci zuwa Hausa. Abu guda aka san shi da shi: abin da mutum ya faɗa shi yake mayarwa, ba ƙari ba ragi, ko da zagi ne. A sana'ar da kullum ake raɗe-raɗin tafinta ya haɗa baki da mai kaya, wannan shi ne jarinsa.

Sai kuma cokula.

Gidansu maƙeran fari ne. Ya tashi yana ganin mahaifinsa yana narka azurfa, yana yi wa mata awarwaro da zobba. Bai gaji sana'ar ba, amma idon ya biyo shi. Wata Juma'a, bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng, ya bi lungunan tsohon gari da ƙafa, ya tarar da wata tsohuwa ta baza tarkace a kan tabarma. A ciki akwai ɗan cokalin azurfa da ya yi baƙi, an cike zanen furen da ke jikinsa da wani abu shuɗi mai sheƙi. Ba fenti ba ne. Garin gilashi ake zubawa a cikin zanen, a gasa a wuta har ya narke ya kama jikin azurfar. Tsohuwar ta ce tun zamanin kakarta ake yi wa Turawan jirgin ruwa irinsu. Ya saya. Daga nan ya riƙa neman su ɗaya bayan ɗaya.

Bai taɓa kai ko guda bakinsa ba, don ya san hukuncin ci da azurfa. Gogewa kawai yake yi da tsumma mai laushi, ya jera, ya zauna yana kallo. Rilwanu, maƙwabcin ofishinsa mai harkar takalma, ba ya gajiya da tsokana.

"Malam Munkaila, cokula cike da akwati, tuwo kuma da hannu!"

"Kai ma takalmanka na samfur duk na ƙafar hagu ne, ban ga ka sa ba."

Wanda ya fi so shi ne mai kifi. Kifaye biyu ne ja a cikin bakin cokalin, suna bin juna a ruwa kore, mariƙin kuma an bi shi da ganye shuɗi. Ya daɗe yana zarya wurin mai shi kafin ya yarda ya sayar.

A ofis yake ajiye su, cikin akwati mai murfin gilashi, tun da nan yake yini. To amma kowa ya san abin da ke kan kantar ejan a Tianxiu: kwaɗo, tocila, ƙyallen shadda, butar shayi, duk samfur ne. Baƙo ya ɗauka ya jujjuya, in ya yi masa a kai masana'anta a yi masa dubbai.

A daminar 1998 surukinsa ya zo. Alhaji Abdulbaƙi, mahaifin matarsa Najiba, tsohon ɗan kasuwar kayan ɗaki ne a Sabon Gari, zuwansa na farko ke nan ƙasar Sin. Munkaila ya tare shi a filin jirgi, ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a. Ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunansa.

Da suka shiga ofis Alhaji ya bi kantar da kallo, ya wuce butoci, ya tsaya a kan akwatin. Ya buɗe da kansa. Hannunsa bai je ko'ina ba sai kan mai kifi.

"Ka ga kaya! Wannan in ya shiga kabad ɗin amarya, sai dangin ango sun sake leƙowa. Me ya sa ba ka taɓa aiko mini ba?"

Munkaila yana kallon ƙasa. "Allah ya ƙara girma, Baba."

"Gobe ka kai ni wurin masu yi. Ba sai na azurfa ba, na ƙarfe mai sauƙi, amma zanen ya fito haka sak."

Ya jefa shi a aljihun babbar riga.

Da yamma a gida Najiba ta ga Munkaila ya tura kwano gefe. Da ta ji dalili sai ta riƙe haɓa.

"Ka gaya masa naka ne mana."

"Da wane bakin?"

"To ni zan gaya masa. Babana ne, ba dodo ba."

"Kada ki soma. Ya riga ya sa a aljihu. Yanzu a ce ya fito da shi, ya ɗauki abin surukinsa bai sani ba? Da wane ido zai dube ni?"

"Kai da Baba wannan kunyar taku sai ta kashe wani," in ji ta, ta kwashe kwanon.

Washegari suka ɗauki motar haya zuwa wata ƙaramar masana'anta a hanyar Foshan, inda ake buga cokula da faranti. Mai wurin, wanda kowa ke kira laoban, wato maigida, ya zuba musu shayi. Alhaji ya ajiye cokalin a kan tebur. Laoban ya ɗauka, ya sa tabarau, ya juya bayansa ya ga hatimin maƙerin. Sai ya dubi Munkaila ya yi magana mai tsawo. Ya ce wannan tsohon aiki ne, ya girmi kowa a ɗakin. Ya ce zai iya kwaikwayo, amma kafin a ɗauki zubinsa sai an danna shi an ɗumama, kuma gilashin ba zai jure ba, farfashewa zai yi. Ya tambaya ko mai shi ya san haka.

"Me ya ce?" in ji Alhaji.

Munkaila ya auna abin a ransa. Yana iya cewa mutumin ya ce meiyou, babu, ba ya yiwuwa, a tashi da cokali lafiya. Wannan ƙarya ce don amfanin kansa. Yana iya faɗin duka, ya bar dattijo da kunya a gaban baƙo.

"Ya ce zai yi, Baba."

Laoban ya ɗan ƙura masa ido, ya ɗaga kafaɗa, ya miƙa wa wani ma'aikaci cokalin. Aka gama ciniki, aka sha shayi, aka fito.

Sun yi nisa a hanya Alhaji yana jan carbi yana kallon gonakin ayaba. Can ya yi gyaran murya.

"Munkaila."

"Na'am, Baba."

"Ban jin yarensu, amma na tsufa a kasuwa. Mutumin nan ya yi magana har shayina ya huce. Kai ka ba ni kalma uku."

Alhaji ya ci gaba.

"A Bankok na yi wani tafinta mai irin wannan taƙaitawa. Daga baya na gane inda sauran maganar ke tafiya. A Kano kowa cewa yake kai ba haka kake ba. Ni ma na faɗa wa mutane, da bakina."

Munkaila ya gane zargin cin amana ake yi masa. Ya yarda ya rasa cokali, amma wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya gyara zama, ya kafa ido a bayan kujerar direba, ya mayar da maganar laoban tun daga farko, yadda aka faɗe ta, har da tambayar ƙarshe.

"Mai shi?" in ji Alhaji. "Wane ne mai shi?"

"Ba samfur ba ne, Baba. Tara su nake yi."

Carbin ya tsaya. Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya buga kafaɗar direba da ƙarfi.

"Kai, direba, juya! Gaya masa ya juya, kai kuma kana zaune kana kallona!"

Ko da suka isa an riga an fara. Ma'aikacin ya fito da cokalin a kan ƙyalle, da sauran ɗumi. Kifi ɗaya ya tafi gaba ɗaya, sai gurbinsa a jikin azurfa. Ɗayan ya tsage ta tsakiya. Ganyen mariƙin ne kawai bai taɓu ba.

Alhaji ya karɓa, ya jujjuya shi, ya naɗe a hankicinsa. Bai ba da haƙuri ba, Munkaila ma bai so ya bayar ba. Dattijon ya miƙa masa da hannu biyu, yana kallon wani wuri. Laoban ya tambaya ko a fasa aikin. Munkaila ya mayar da tambayar, Alhaji ya dube shi, shi kuma ya ce tun da an riga an ɗauki zubin, a yi.

A mota, sun kusa shiga gari, dattijon ya sake magana, a hankali wannan karon.

"Nan gaba in mutum ya yi magana, ka ba ni ita duka. Ni zan zaɓi wadda zan ji kunyarta."

"To, Baba."

Kayan sun isa Kano kafin azumi, kuma an ce sun karɓu. Alhaji Abdulbaƙi ya ci gaba da zuwa Guangzhou har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa ɗaukar wani tafinta ba. In ya shiga ofishin, hannuwansa a baya yake riƙe su, sai ya tambaya kafin ya taɓa ko da kwaɗo.