Nauyin Usuman

A zamanin da kayan tashar jirgin ruwan Jidda ke sauka a bayan mutane, babu ɗan dakon da ya kai Na'ibi suna. Haifaffen Mai Wurno ne a Sudan. Ya tsallako teku da matarsa Barakatu a farkon shekarun hamsin, suka sauke farali, guzuri ya ƙare, suka yi zamansu a unguwar Mahjar a Jidda. Buhun shinkafa biyu yake ɗorawa a kafaɗa, ya maƙale na uku a hammata, yana tafe yana tauna asuwaki. Wannan kam idanu sun gani. Sauran labaran kuwa, wai ya taɓa tsallakar da jaki kwata da tankin ruwansa, wai ya riƙe gindin lori direba na ba ta wuta ta kasa gaba, 'yan zaman gahawa ne suka haife su, su kuma suka yi musu reno. Shi in an tambaye shi sai ya ce bai tuna ba.

Abin da ya ɗaure wa maƙwabta kai shi ne, kullum bayan sallar asuba, kafin ya tafi aiki, sai a ji shi a tsakar gida yana nishi. Bututun famfo ne ya samo, ya soka kowane gefe cikin gwangwanin man shanu, ya cika da siminti. Sai ya ɗora a wuya, ya tsuguna ya miƙe, ya tsuguna ya miƙe, har gumi ya jiƙa ƙasa.

Ubale, abokin aikinsa mai baki kamar reza, ya leƙo wata rana ya riƙe haɓa.

“Ya Na'ibi, kai da kake wuni da buhu a wuya, wannan kuma na mene ne? Aljani kake shirin kayarwa?”

“Jiki ne ke so,” in ji Na'ibi.

Ba jiki ba ne. Dalilin yana kwance a ɗaki, sunansa Usuman, ɗansu ɗaya tilo. Yana ɗan shekara huɗu shan inna ya kama shi, ya bar masa ƙafafu kamar igiya. Ɗakinsu na ƙasa ne, taga ɗaya, kuma wanda ya san zafin Jidda ya san abin da hakan ke nufi. Da rana ta yi sanyi duk mutanen gidan saman rufi suke hawa, a nan ake shan iska, a ci abinci, a kwana. Matakalar kuwa ƙunci gare ta, ga tsayi, ga kwana a tsakiya, mutum biyu ba sa iya kama abu su hau tare. In dai Usuman zai hau, to a bayan mutum ɗaya ne. In bai hau ba, zai kwana a ƙasa cikin gumi yana jin dariyar mutane a samansa. Tun ranar farko Na'ibi ya ƙudura a ransa wannan ba za ta taɓa faruwa ba.

To amma buhu daban, mutum daban. Buhu in ya kuɓuce sai a bar shi ya faɗi, a share abin da ya zube. Kuma buhu ba ya girma. Usuman kuwa girma yake, Na'ibi yana tsufa, kuma duk ƙarfinsa bai rufe masa ido ga wannan ba. Don haka kowace shekara, da alhazai sun watse aiki ya lafa, sai ya kwaɓa siminti ya ƙara, yadda kullum ƙarfen zai ɗara yaron nauyi kaɗan. Gwangwanin man shanu ya cika, ya koma garwar kananzir. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Barakatu, ko da yake ita ba sai an faɗa mata ba.

A haka shekaru suka shige. Furfura ta cinye gemun Na'ibi. Injinan ɗaga kaya suka yawaita a tasha, aka mai da shi gadin ƙofar sito, aikin da yake yi a zaune kamar mai jiran gawa. Usuman ya zama cikakken namiji daga ƙugu zuwa sama, ga ƙirji ga kafaɗa irin na ubansa, ga kuma ci. Wake da gurasa da safe, tuwon Barakatu da yamma, ba ya barin ko loma. Na'ibi ya fara tsayawa a kwanar matakala, wai yana gyara zani. Gwiwoyinsa kan yi ƙara, sai ya yi tari don ya rufe.

Usuman ya iya karatun Larabci, don haka ubansa kan sayo masa tsofaffin mujallu masu zane a kasuwa. Shi Na'ibi ba ya karatu, hoto yake dubawa ya zaɓa. Wata yamma suna saman rufi, rana ba ta gama faɗuwa ba, Usuman ya fashe da dariya ya miƙo masa shafi. Labarin wani jarumi ne na ƙage, mai ƙarfin da ya wuce hankali. A hoto ɗaya ya tallabo jirgin ruwa da hannu guda. A na gaba kuma ga shi a ɗakin motsa jiki yana ɗaga ƙarfe, har da gumi a goshi.

“Shuf, Abuya, dubi wannan majanuni,” in ji Usuman, da Hausarsa ta 'yan Jidda mai rabin Larabci. “Mutum ya ɗaga jirgi, ba'adain, daga baya, ya zo yana wahala da ƙarfe. Lesh, don me? Me zai ƙara masa?”

Na'ibi ya daɗe yana kallon hoton. Ranar ya gaji, numfashin hawan ma bai gama dawo masa ba, kuma gajiya takan kwance wa mutum baki.

“Wa ya sani,” ya ce. “Wataƙila akwai wani a gida da yake ƙara nauyi.”

Suka yi dariya tare. Usuman ya leƙa tsakar gida inda garwar siminti ke jingine da bango, ya dubi ubansa, ya rufe mujallar.

“Khalas, na gane,” ya ce.

Bayan 'yan watanni Na'ibi ya lura hawan ya yi masa sauƙi. Ya daina tsayawa a kwana. Kai, wani lokacin har da ɗan sauri yake ƙarasawa. Murna ta kama shi irin wadda ya daɗe bai yi ba, har ya je wurin shan gahawa, shi da ba mai alfahari ba, yana ce wa Ubale tsufa ya zo ya tarar ba ya gida. Kwanon Usuman kullum fes yake komawa. Kyanwar gidan ce dai ta yi wata irin ƙiba har ta daina iya tsallaka katanga, kowa na yi mata tsiya. Doguwar riga takan ɓoye abu da yawa, kuma mutum in yana son ya yarda da abu, ba ya neman shaida.

Da sanyi ya shigo, tari ya kama Usuman, irin wanda kowa a unguwa ya yi ya warke. Shi bai warke ba. Likitan asibiti ya ɗaga rigarsa ya dubi haƙarƙarin, ya dubi Na'ibi, ya ce jikin ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. Kafin sati ya zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Da aka gama wanka aka zo sa shi a makara, Na'ibi ya ce shi zai ɗauka. Ya kafa ƙafa, ya riƙe numfashi kamar yadda ya saba, ya ɗaga. Saura kaɗan ya faɗi ta baya. Ba abin da ke cikin likkafanin sai kamar tabarma a naɗe.

Bai yi kuka ba. Mutane suka yi ta yaba dauriyarsa, alhali ba dauriya ba ce. Ya nemi baƙin cikin a ƙirjinsa bai same shi ba, wurin fayau yake. Ana yi masa gaisuwa yana amsawa, ana miƙo shayi yana sha, bai san ko da sukari ko babu ba.

Bayan an share makoki Barakatu ta zauna a gefensa. Idanunta sun kumbura, muryarta ta dushe.

“Malam, akwai maganar da yaron nan ya rantsar da ni kar in faɗa. Abincinsa kyanwa yake ba wa. Loma biyu yake ci. Na kama shi, na yi kuka, na yi faɗa, ya ce in na gaya maka zai daina hawa sama gaba ɗaya.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar nan da kuka yi dariya a kan mujalla.”

Na'ibi ya ce, “To.” Ya ɗauki kofinsa ya shanye sauran shayin.

Washegari da asuba maƙwabta suka ji nishin nan a tsakar gida. Wasu suka ce sabo ne, wasu suka ce kan tsohon ya taɓu. Ubale dai bai sake tsokanarsa ba. Da alhazai suka watse a shekarar, aka ga Na'ibi ya kwaɓa siminti ya ƙara kamar kullum. Shekara ta zagayo ya sake ƙarawa. Da garwa ta cika ta batse, sai ya riƙa ɗaura mata guntayen ƙarfe da waya. Ba da ka yake yi ba, yakan tsaya ya auna da ido, ya rage nan ya ƙara can, kamar mai gwada wa wani riga.

Wata safiya, can wajen ƙarshen shekarun saba'in, Barakatu tana hura wuta ta ji shiru ya yi yawa. Ta leƙo. Na'ibi ya shiga ƙarƙashin bututun, ya kafa ƙafa, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe, ƙarfen ko motsi bai yi ba. Ya sake gwadawa. Sai ya zare wuyansa a hankali, ya zauna a ƙasa kusa da garwar, ya ɗora tafin hannu a kan simintin yana shafawa.

“Malam, lafiya?”

“Lafiya lau,” ya ce, bai ɗago kai ba. “Barakatu, yaron nan fa yana cin abinci. Dubi yadda ya yi nauyi.”